Excel ko QGIS: wanne mai kula da wurin haƙar farar ƙasa zai fara koya?

Wani ɗan'uwa a wannan zauren, mai kula da ma'aikata a wurin haƙar farar ƙasa a Alkaleri, ya ce kuɗin kwas ɗaya kawai gare shi: ya koyi lissafi da Excel ne, ko zana taswira da QGIS? Malam, ga yadda nake kallon su biyun.

Excel abincin yau da gobe ne. Tifa nawa ta fita, tan nawa sikeli ya nuna, lita nawa na dizal katafila ta sha, leburori nawa suka zo, wa ya ci bashi kafin ranar biya. Duk wanda ya taɓa wuni a bakin rami ya san ta nan kuɗi ke zurarewa, kuma ba kullum ne sata ba. Littafi ya jiƙe, direba ya rantse sawu bakwai ya yi, kai kuma shida ka rubuta. Amma in kana raba litar dizal da tan ɗin da aka haƙo kowace rana, da zarar lissafin ya fara hawa za ka san ko dai injin ya gaji, ko wani yana zuƙe man. Ga kuma damina: farar ƙasa tana shan ruwa, nauyinta ya ƙaru, wanda bai rubuta ranar da aka loda ta a jiƙe ba sai ya sha gardama da mai saye. Ba lallai sai da kwamfuta ba ma, Google Sheets yana yi a waya.

QGIS kuwa kyauta ake sauke shi, sai dai yana son kwamfuta, kuma ba kowace rana za ka buɗe shi ba. Ranar buƙatarsa ce mai zafi. Tun 2022 ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya ya mayar da neman lasisi kan intanet ta tsarin eMC+, inda ake tantance fili da lambobin GPS, ba da "daga kukar nan zuwa rafi" ba. Lasisin ƙananan masu haƙa, bisa dokar ma'adinai ta 2007, ba ya wuce murabba'in kilomita 3. In raminku ya gota cikin filin wani, taswira ce za ta raba gardama. To amma wannan nauyi ne na mai lasisi da masanin duwatsun da ya ɗauka, ba naka ba.

Don haka ni dai Excel zan ce, ba wata-wata. Ko da burinka ka koma babban kamfani irin na simintin Ashaka, mai ɗauko kwal daga Maiganga, mai kula da aiki rahoto ne a wuyansa. Taswirar kuma kada ka yar da ita gaba ɗaya: ɗalibin sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi zai iya nuna maka yadda ake ɗaukar lambobin kusurwowin filinku da waya cikin yini guda. In ka so zurfafawa nan gaba, akwai cibiyar nazarin haƙar ma'adinai ta tarayya a Jos, ba nisa.

Sai dai ranar da za ka je kwas ɗin, ka tafi da littafin aikinku na watan jiya, ka ce da shi za a koya maka, ba da lissafin shagon kayan masarufi ba.