Gasar mutum-mutumi ta FIRST LEGO League a matakin yanki: ra'ayin malamar da ta raka ɗalibai

Duk malamin da ke shawarar shigar da ɗalibansa gasar mutum-mutumi, da duk iyayen da aka kawo wa takardar neman izini su sa hannu, ni dai cewa zan yi su amince. Na raka ƙungiyar makarantarmu gasar yanki ta FIRST LEGO League a zangon 2024 zuwa 2025, wanda aka gina kan binciken teku, kuma kuɗin rajista da wahalar watannin shiri ba su tafi a banza ba. Sai dai ya kamata mutum ya san abin da zai tarar. Yaran nan da ake gani a bidiyo suna tsalle a bakin tebur, abin da suke yi kashi ɗaya ne kacal cikin kashi huɗu na abin da ake aunawa, kuma a ganina ba shi ne mafi amfani ba.

Ƙungiyar FIRST wani injiniya ɗan Amurka mai suna Dean Kamen ne ya kafa ta a 1989, sannan a 1998 ta haɗa hannu da kamfanin LEGO aka fara wannan gasa ta ƙananan yara. Rukunin da muka shiga na 'yan shekara 9 zuwa 16 ne (a Amurka da Kanada a 14 ake tsayawa), kuma kowace ƙungiya daga yara 2 ne zuwa 10. A watan Agusta ake bayyana taken shekara. Ana aiko wa ƙungiya shimfiɗa mai zane da ledojin bulon LEGO, yara su harhaɗa abubuwan da mutum-mutumin zai yi aiki a kansu. A shekarar tamu ayyuka 15 ne: a dasa murjani, a ɗaga sandar jirgin da ya nutse, a ciyar da ƙaton kifin teku da ƙananan jatan lande, a kai mai nutso wurinsa, da sauransu.

Wasan tebur minti biyu da rabi ne. Sau uku ake bugawa, a ɗauki makin da ya fi yawa, kuma wannan tsari na yaba masa ƙwarai, don yaron da hannunsa ya yi rawa a zagayen farko yana da sauran dama. Mutum-mutumin shi ke tuƙa kansa da umarnin da yara suka rubuta masa tun a makaranta, babu rimot. Ba a taɓa shi sai ya dawo gida, wato ɓangarori biyu na tebur inda yara ke tsaye suna sauya masa hannuwa. Wanda ya kai hannu ya ɗauke shi a tsakiyar fili, alƙali zai cire masa ƙwaya ɗaya daga cikin shida da aka ajiye a gefe. Mai ƙwaya 6 ko 5 a ƙarshen wasa yana da maki 50, mai 4 yana da 35, mai 3 yana da 25, haka har ƙasa. Ke nan ɗaukar farko kyauta ce, ta biyu kuwa maki 15 za ta ci.

Wannan ɗan lissafi na gani da idona yadda yake aiki a kan yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. A zagayenmu na biyu mutum-mutumin ya maƙale a jikin jirgin da ya nutse, tayoyinsa na juyawa a wuri ɗaya, ga shi an riga an yi amfani da ɗaukar kyauta. Hannunta ya tsaya a iska. Abokin aikinta ya ce mata aikin da ya rage ya fi maki 15, sai ta ɗauke shi, ta mayar gida, ta sake sakinsa. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da ta waiwayo ta nemi idona ba. Shekara nawa nake koyar da lissafi, ban taɓa samun hanyar da ta sa yaro ya auna riba da hasara da gaggawa irin haka ba.

Abin da ke girgiza sababbin ƙungiyoyi, mu ma ya girgiza mu, shi ne mutum-mutumin da ke tafiya daidai a makaranta sai ya zo zauren gasa ya riƙa kaucewa. Dalilan sanannu ne ga waɗanda suka daɗe a harkar. Teburan katako ne da hannu ya haɗa, wani bangon ya ɗan karkace, wata shimfiɗar ta ɗan goce. Hasken zaure daban yake da na aji, kuma na'urar gane launi da hasken da ya dawo mata take aiki. Ƙura tana sa taya santsi. Batir cikakke da wanda ya yi rabi ba sa ba inji ƙarfi iri ɗaya. Kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba a wurin tashi, kafin a kai ɗaya ƙarshen tebur mai tsawon fiye da mita biyu ya zama tazara babba. Ƙungiyoyin da suka fi maki ba su fi kowa sauri ba. Na tsaya na kalle su da kyau: suna da ɗan firam na bulo da suke jingina mutum-mutumin a jikinsa kafin tashi don ya fara daga wuri ɗaya kullum, suna sa shi ya ja da baya ya daidaita jikinsa da bango a tsakiyar tafiya, kuma suna goge tayoyi kafin kowane wasa.

Kayan haɗa mutum-mutumi na LEGO da muka yi aiki da su SPIKE Prime ne, wanda ya fito a 2020, kuma shi ne a hannun mafi yawan ƙungiyoyin da na gani, ko da yake akwai masu tsohon EV3 na 2013 da suka yi rawar gani. Ƙwaƙwalwar SPIKE tana da kafofin jona waya shida, da na'urar auna juyi a cikinta, kuma tana riƙe umarni har 20, yaro ya zaɓa da maɓalli. Dokar gasa ta yarda da inji huɗu masu juya tayoyi da hannuwa a wasa, don haka wanda ya yi amfani da huɗun, kafa biyu ce ta rage masa ta na'urorin ji da gani. EV3 kafa takwas gare shi. Yaranmu sun yi doguwar muhawara a kan wannan kafin su tsaya a kan inji huɗu da na'urar launi biyu, kuma muhawarar ita kanta darasi ce. Ana rubuta umarni da tubalan kalmomi irin na manhajar yara ta Scratch ko kuma da harshen kwamfuta na Python, kuma shawarata ga sabon shiga ya tsaya a tubalan har sai yaran da kansu sun ji sun yi musu kaɗan.

Sai ɗakin alƙalai, inda nake ganin kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Minti 30 ne, a rufe, babu tafi babu kiɗa. A nan ake auna sauran kashi ukun: aikin ƙirƙira, tsarin ginin mutum-mutumi, da ɗabi'un ƙungiya. Mai horarwa ba shi da bakin magana. Yara su gabatar da aikinsu cikin minti biyar, a yi musu tambayoyi, su bayyana mutum-mutuminsu, a sake yi musu tambayoyi.

Aikin ƙirƙirar yaranmu a kan kyamarorin da masu bincike ke bari a ƙarƙashin ruwa ne, waɗanda gansakuka da ƙananan halittu ke manne wa gilashinsu har hoto ya dushe. Sun haɗa samfurin ɗan buroshi mai juyawa da ke share gilashin lokaci-lokaci. Alƙalan ba su ɓata lokaci wajen yabon kyawun samfurin ba. Tambayoyinsu su ne: wa kuka nuna wa wannan da ya san harkar, me ya ce, me kuka sauya bayan ya faɗa, akwai wanda ya riga ku yin irinsa, naku da me ya bambanta. Waɗannan tambayoyi ne da babba ma zai yi gumi a gabansu, kuma an yi su da fara'a da haƙuri, ana jiran yaro ya gama tunaninsa. Na ji daɗin yadda alƙaliya ɗaya ta lura da yaron da bai ce komai ba, ta juya ta tambaye shi wane ɓangare ne nasa.

Yaron nan shi ne mafi ƙarancin magana a ajina. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mata cewa da farko da daƙiƙa suke auna tafiya, sai suka ga nisan yana sauyawa idan batir ya yi ƙasa, suka koma ƙirga juyin taya. Ya ce faɗin tayar milimita 56 ne, don haka juyi ɗaya santimita 17.6 ne, kuma ya nuna mata shafin da ya yi lissafin da fensir. Ya yi bayanin yadda suke sa na'urar auna juyi ta gyara hanya idan mutum-mutumin ya fara karkata, da dalilin da ya sa ba sa motsa shi a lokacin da ake kunna shi. Wallahi ban san yana da wannan bakin ba. Abin da ya buɗe shi kuwa, an tambaye shi ne a kan abin da ya yi da hannunsa, kuma mai tambayar da gaske take son jin amsa.

Wannan ɗaki kuma shi ke tona asirin mutum-mutumin da babba ya gina. Ina roƙon 'yan'uwana malamai da iyaye mu cire hannunmu. Na san yadda zuciya ke yi idan kana ganin yaro yana haɗa giya a juye, ga gasa ta matso. Amma ƙungiyar da aka gina wa kaya tana iya cin maki a tebur, ta shiga ɗaki ta kasa faɗin dalilin da ya sa aka sa ƙaramar giya a nan babba a can, kuma yaran su ne ke jin kunyar a ransu. Alƙalai sun fi son jin labarin hannun mutum-mutumin da aka gina sau da yawa yana karyewa kafin a dace, don haka a ajiye hotuna da rubutun duk abin da bai yi ba.

Ta fuskar ɗabi'a, tun a bakin tebur alƙalin wasa yana ba da maki kan yadda yara ke mu'amala da juna da abokan karawarsu. Marigayi Woodie Flowers, farfesa a jami'ar MIT wanda ya rasu a 2019, shi ya dasa wannan aƙida a FIRST, cewa a yi gasa da gaske amma cikin mutunci da taimakon abokin hamayya. Na zo da shakkar ko magana ce ta takarda. A wurin gyara na ga akasin haka: ƙungiyar da ke kusa da mu, waɗanda suka fi mu gogewa nesa ba kusa ba, su ne suka zo suka nuna wa yaranmu yadda ake haɗa firam ɗin tashi, suka kuma ara mana waya da tamu ta ƙi caji. Har a tsarin wasan ƙungiyoyi na haɗuwa, don ɗaya daga cikin ayyukan shekarar tura ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ne zuwa filin ƙungiyar da ke ɗaya teburin.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma yawancinsu na wurin da aka karɓi baƙuncin ne. Lasifika ta yi ƙara fiye da kima, har yara biyu a tebur ɗaya sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, kuma ɗaya daga cikin nawa sai da na fita da ita waje ta huta. Teburan gwaji sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo, ƙungiyoyin da suka san dawa suka riga kowa rubuta suna. Tsakanin wasan ƙarshe da rabon kyaututtuka an daɗe ana jira, ba a shirya wa yara wani abin yi ba. Ban ɗora wa masu aikin laifi ba, don kusan dukkansu 'yan sa-kai ne da suka ba da ranar hutunsu, amma mai shirya taro ya kamata ya tuna cewa ƙananan yara ne suka wuni a tsaye.

Abu ɗaya kuma da ya shafi tsarin kansa: iyaye allon maki kawai suke gani. Ɗakin alƙalai a rufe yake, saboda haka uban da ya ga ƙungiyar ɗansa a ƙasan allo yana komawa gida da zaton an sha kashi, alhali kashi uku cikin huɗu bai gani ba. Da za a ɗauki minti biyar a buɗe taro a yi wa iyaye wannan bayani, da an rage wa yara tambayoyi masu nauyi a hanyar komawa. Haka nan gasar tana buƙatar ɗaki da za a bar tebur a kafe tsawon watanni, da babba ɗaya ko biyu da za su riƙa zama da yara kowane mako. Makarantar da ba ta da waɗannan ta nemo su tukuna kafin ta biya rajista.

Ba mu samu gurbin zuwa mataki na gaba ba. An ba mu takardun awo na alƙalai, inda kowane fanni ke da mataki 1 zuwa 4 da ɗan sharhi a ƙasa, kuma su ne abu mafi amfani da muka karɓa. Sun nuna mana cewa muna da ƙarfi a bayanin gini, muna da rauni wajen kai aikin ƙirƙira gaban masana tun da wuri. Waɗannan takardu ana samun su a buɗe tun farkon zango, don haka a buga su a manna a bangon aji tun makon farko, yara su riƙa auna kansu da su. A kuma riƙa duba gyare-gyaren doka da ake fitarwa a tsakiyar zango, saboda idan suka saɓa da littafin doka su ne alƙali zai bi, kuma yaron da ke riƙe da kwafinsu a bakin tebur yana da damar nuna wa alƙali shafin cikin ladabi kafin a rufe takardar maki.