Sharhi kan gyaran injin tsohuwar Hilux a wata warsha ta Gadarif

Duk mai tsohuwar a-kori-kura ta dizal a ƙasar Gadarif da ke gabashin Sudan ya san maganar da bakanike yake fara faɗa da zarar inji ya soma hayaƙi yana wahalar tashi: a sauke shi a yi masa amra, wato a kwance injin gaba ɗaya a sauya kayan cikinsa. Wannan sharhi a kan wata warsha ne, wato garejin gyaran mota, da ke unguwar masana'antu ta garin, wadda ba ta bi wannan hanya da motata ba. Ina ganin ya dace 'yan'uwa masu boksi, wato a-kori-kura, su san abin da ta yi daidai da kuma inda ta gaza, domin kuɗin amra a yau yana iya cinye ribar damina sukutum, tun da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da kasuwannin kayan gyara na Khartum, ya bar mu muna jiran abin da zai zo daga Port Sudan.

Motar Toyota Hilux ce ta farkon shekarun 1990, mai injin 3L, silinda huɗu, lita 2.8, ba turbo ba kwamfuta. Aikinta shi ne kai ma'aikata gona, da ɗaukar durom ɗin man tarakta, da kwaso buhunan riɗi da dawa idan kaka ta yi, a kan baƙar lakar nan tamu da ke riƙe taya da damina, ta koma ƙura da rani. Cutar da ta kai ni warsha ta taru ne a hankali. Da asuba sai an daɗe ana murza makulli kafin ta kama, idan ta kama sai ta cika tsakar gida da farin hayaƙi mai yaji a ido, tana karkarwa a silo. Idan an ɗora mata kaya aka taka totur, hayaƙin ya koma baƙi, ƙarfi kuma babu, sannan allurar zafi takan haura rabi idan tafiya ta yi nisa. Kanikawa biyu da suka saurare ta a bakin hanya sun yanke hukunci iri ɗaya, cewa ringi ya mutu.

Mai warshar dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran famfon dizal a Khartum Bahri kafin yaƙi ya taso shi. Abin da ya fara nema shi ne in bar masa motar ta kwana, domin yana so ya tayar da ita da kansa tana sanyi. Na yaba wannan sharaɗi ƙwarai, saboda injin da aka kawo da zafinsa yana ɓoye rabin ciwonsa, kuma mafi yawan kanikawa a kan inji mai zafi suke yanke hukunci. Da safe ya tsaya a bayan salansa yana shinshina hayaƙin, sannan ya buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki ya ɗora tafin hannunsa a bakin, ya buɗe lagireto ya zuba ido ko ruwan yana kumfa. Hucin da ke fitowa daga murfin baƙin mai bai yi yawa ba, ruwan kuma bai yi kumfa ba. Ya ce da ni: “Alhaji, ban ce injin nan sabo ne ba, amma ba zan kwance ko noti ɗaya a kansa ba sai agogon awo ya gaya mini.”

Bayanin da ya yi mini a kan hayaƙi ya cancanci a maimaita shi, domin shi ne matakin farko na gano kowace matsala a injin dizal. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, ko dai matatar iska ta toshe, ko nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, yana zubar da mai ba bisa ƙa'ida ba. Shuɗi alamar baƙin mai ne da ke ƙonewa a cikin silinda, kuma a nan ne ake zargin ringi ko robobin bawul. Fari kuwa iri biyu ne: idan yana da warin ɗanyen dizal, man ne ya fita bai ƙone ba, idan kuma yana watsewa nan take alhali ruwan lagireto yana raguwa, to ruwa ne yake shiga ta gasket ko ta tsagewar kan inji. Nawa na farkon ne. Injin dizal ba shi da fulogin wuta, matsa iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, kuma a 3L ana matse iskar ninki 22 da ɗoriya. Saboda haka duk abin da ya rage wannan zafi, ko ya ɓata yadda ake fesa man, ko ya jinkirta lokacin fesawar, zai ba da farin hayaƙi da safe.

Daga nan ya bi abubuwan bi da bi, yana farawa daga mai araha. Batir ya wuce gwaji. A cikin hita huɗu, waɗanda ke ɗumama ƙaramin ɗakin ƙona mai kafin tashi, biyu sun mutu murus, da aka haɗa su da batir ba su ko yi ɗumi ba, alhali 'yan'uwansu sun yi jajir cikin daƙiƙu kaɗan. Sai ya yanko guntun tiyo garai-garai ya sa shi tsakanin matatar mai da famfo, ya ce in tsuguna in duba. Ƙananan kumfa na iska suna bin man a jere ba yankewa. Robar ɗan famfon hannu da ke saman matatar ce ta tsufa, iska tana shiga ta nan cikin dare, man yana komawa tanki, shi ya sa ake shan wahala da asuba. Ya kwance ƙasan matatar ya tara abin da ya zubo a cikin kwalbar gilashi. Bayan ta ɗan zauna, ruwa ya kwanta a ƙasa kaurin yatsa biyu tare da jan dauɗa na tsatsa, dizal yana iyo a sama. Akwai fitila a gaban direba da ya kamata ta kama idan ruwa ya taru a wurin, amma wayarta ta daɗe da tsinkewa.

A kan wannan ruwa ya fi tsayawa, ni ma a nan zan tsaya. Famfon injin 3L irin mai juyawa ne, fistin guda ɗaya ƙarami a cikinsa yake matsa mai ya raba wa silinda huɗun, kuma ba shi da wani baƙin mai nasa na daban, dizal ɗin da ke ratsa shi shi ne yake sa masa santsi. Idan man ya zo da ruwa, ko ƙura, ko an tsinka shi da kananzir, ƙarfen cikin famfon ne yake cin ɗan'uwansa. Mu kuwa a nan yawancin manmu daga durom yake fitowa, musamman tun da babbar matatar man fetur ta Jaili da ke arewacin Khartum ta daina aiki, kuma durom ɗin da ya kwana a fili da damina ba ya rasa ruwa a gindinsa. Shawarar usta, wato mai warshar, ita ce a bar durom ya zauna kwana guda kafin a ɗiba, kada tiyo ya taɓa ƙasansa, a kuma riƙa tsiyaye matatar kowane mako. Wannan shawara ba ta da tsada, kuma a ganina ta fi duk abin da na biya kuɗi a kansa amfani.

Gwajin da ya raba gardama shi ne na matsin silinda. Ya cire hita ya ɗaura agogon awo a raminsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar kamfanin Toyota ga wannan inji ita ce kilo 32 a kan kowace santimita murabba'i ko fiye idan yana da lafiya, mafi ƙaranci kilo 20, kuma kada bambanci tsakanin silinda da silinda ya wuce kilo 5. Uku daga cikin nawa sun tsaya a wajen 28, na uku a jeri ya ɗan yi ƙasa da su, amma bambancin bai kai iyakar ba. Ma'anar wannan ita ce injin ya tsufa, amma bai kai a buɗe shi ba. Ya rubuta lambobin da alli a jikin bango ya ce in ɗauki hotonsu da waya, don in an sake gwadawa baɗi a san saurin da yake lalacewa.

Nozul huɗun ya kai su ɗakin ciki, inda yake da na'urar gwaji ta hannu. Ya kamata nozul na wannan inji ya buɗe idan matsi ya kai wajen kilo 150, ya fesa mai laushi kamar hazon hunturu, da wata ƙara mai kakkarwa, sannan ya rufe bakinsa ya bushe. Ɗaya ne kawai ya yi haka. Biyu sun buɗe tun allura ba ta kai ko'ina ba, na huɗun kuwa tsartuwa yake yi gefe guda, bayan an saki hannu kuma ɗigo yana taruwa a bakinsa. Na matso da hannuna don in nuna ɗigon, sai ya riƙe mini wuyan hannu da ƙarfi, ya ce man da ke fita da wannan matsi yana huda fata ya shiga jini. An sauya bakunan nozul huɗun duka, aka daidaita matsinsu da siraran faranti da ake sawa a kan sifirin. Famfon ma an ɗora shi a kan tebur, an sauya robobinsa, an daidaita yawan man da yake bayarwa, kuma Allah ya taimaka cikinsa bai ci sosai ba.

Sauran aikin na yau da kullum ne. An sa sabon bel ɗin taimin da abin ɗaure shi, tun da ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce, kuma idan ya tsinke injin yana gudu fistin ne zai daki bawul. An auna tazarar bawul injin yana sanyi, wadda ya kamata ta kasance milimita 0.20 zuwa 0.30 a na shiga, 0.40 zuwa 0.50 a na fita. Zafin da motar take yi kuwa ƙaiƙayin dawa ne da busasshiyar laka suka toshe fuskar lagireto, aka wanke shi daga baya zuwa gaba.

Inda warshar ta gaza ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na farko, lokaci. An yi mini alkawarin 'yan kwanaki, aikin ya ninka haka, saboda teburin gwajin famfo da wutar lantarki yake aiki, warshar kuma ba ta da janareta mai ƙarfin ɗaukarsa. Rashin wuta ba laifin usta ba ne, amma ya san halin da gari yake ciki, ya kamata ya faɗa tun farko, domin mai gona yana lissafin kwanakinsa ne da yankan riɗi, wanda idan ya wuce lokaci kwanson yake fashewa iri ya zube ƙasa. Na biyu, ba a gaya mini kuɗin kaya ba sai bayan an ɗaura su. Na yarda da amanar mutumin, ya kuma miƙo mini tsofaffin kayan a leda ba tare da na tambaya ba, amma a kasuwar da jabun nozul yake zuwa cikin kwali mai kama da na Denso, ya dace a nuna wa mai mota kaya da farashinsu kafin a buɗe leda. Takardar shaidar biya ma babu, balle garanti a rubuce.

Na uku shi ne ya fi ɓata mini rai. Ɗakin famfo tsaf yake, da labule da ƙasa mai siminti, amma haɗa injin a fili ake yi, a hannun yara masu koyon aiki, usta yana ciki. Ɗaya daga cikinsu ya mayar da tsofaffin zoben tagulla na bututun da ke komar da ragowar mai, maimakon sababbi. A tafiyar farko zuwa gona na ji warin dizal, na buɗe bonet na tarar da gefen injin ya jiƙe sharkaf, ƙura ta manne a kai. Da na koma, usta bai yi musu ba, ya ce: “Alhaji, ka yi haƙuri, wannan hakkinka ne a wuyana.” Ya gyara da hannunsa bai karɓi ko fam ɗaya ba. Duk da haka, mutumin da yake auna nozul da wannan tsanani bai kamata ya saki mota ba tare da ya zagaya ta da idonsa ba.

Motar ta yi aikin kaka gaba ɗaya bayan gyaran, ta kuma ga sanyin Disamba da Janairu. Tana tashi da murzawa ɗaya bayan fitilar hita ta mutu, farin hayaƙin ya tafi, allurar zafi ba ta ƙara haura rabi ba ko da an cika ta da buhuna a hanyar Kassala, shan mai ma ya ragu yadda ake gani a durom. Ƙarfinta bai koma na sabuwa ba, kuma usta bai yi mini alkawarin haka ba. Takan ɗan yi shuɗin hayaƙi idan ta daɗe a silo aka taka totur, tana kuma rage baƙin mai kaɗan tsakanin juye da juye, abin da ya dace da awon silinda na uku. Kuɗin da na kashe duka bai kai rabin abin da aka yanka mini na amra ba.

Ga mai boksi da injinsa ke hayaƙi ko wahalar tashi, ina ba da shawarar wannan warsha a kan aikin famfo da nozul da gwajin matsi, da sharaɗin ya nemi farashin kaya a rubuce kafin a fara, ya tsaya da kansa ranar da za a haɗa injin, kuma kada ya kai motar ana saura mako guda a fara yankan riɗi. Aikin amra kuwa ban ga hannunsu a kansa ba. Mun yi da usta zan mayar da motar kafin ruwan Yuni ya sauka a sake auna silinda na uku, a lokacin ne za a yanke shawara kan ringi.