Koyil Biyu Muka Ƙona Kafin Aka Gano Laifin: Sharhina kan Gyaran Taraktan Yankan Ciyawa a Jos

Ni ke kula da harabar wata makarantar Islamiyya a ɓangaren Bukuru, kuma filinmu ya kusa girman filin ƙwallo. Duk wanda ya san daminar Jos ya san daga Afrilu zuwa Oktoba ciyawa ba ta hutawa. Ka yanke yau, bayan mako biyu ta kai ƙwauri. Yara ƙanana ke guje-guje a ciki, wasu ko takalmi babu, ga duwatsu kewaye da mu inda macizai ke fakewa. Shi ya sa ranar da ƙaramin taraktanmu na yankan ciyawa ya ƙi tashi hankalina bai kwanta ba.

Taraktan ɗan gwanjo ne, wani bawan Allah ya ba makarantar sadaka. Injinsa mai silinda ɗaya ne, ƙirar Briggs & Stratton, kamfanin Amurka da aka kafa a birnin Milwaukee tun 1908. Shekara huɗu yana mana aiki, ban da canjin baƙin mai da wasa wuƙaƙe babu abin da ya taɓa nema.

A watan Yuni gidan makullinsa ya yi tsatsa, makullin ya karye a ciki. Na kira wani bakanike, ya sayo sabon gidan makulli a wani shago cikin gari, ya haɗa wayoyi, ya murɗa. Sitata ta juya garau, inji bai kama ba. Ya canza fulogi. Ya kwance kafureto ya wanke. Ya goge maganaɗisu da sampepa har yana ƙyalli. Daga ƙarshe ya ce koyil ne ya mutu, wato abin da ke ba fulogi wuta, tsufa ne. Muka sayi sabo. Inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru, sai wani ƙauri kamar na robar da ta ƙone. Ya ce jabu aka sayar mana, a kawo kuɗin wani. A nan na ce a dakata, don kuɗin makaranta amana ne, daga aljihun iyayen yara suke fitowa.

Wani malaminmu ne ya haɗa ni da dattijon da nake wannan sharhi a kansa. Asalin sana'arsa gyaran janareta da injin ban ruwa, kowa Baba yake ce masa. Da ya iso, kafin ya buɗe jakar kayan aikinsa sai ya tambaye ni: "Malam, mene ne na ƙarshe da aka taɓa kafin ya daina tashi?" Na ce gidan makulli. Ya gyaɗa kai, ya ce to mu bi shi daki-daki.

Ya sa na hau, na taka birki, na murɗa, shi kuma ya kasa kunne. Ya ce batir da sitata lafiyarsu ƙalau. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa sani ba: a irin wannan inji, wutar fulogi ba daga batir take zuwa ba. Batir juya sitata yake yi da kunna fitila. Akwai maganaɗisu a jikin faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke saman inji. Duk zagayen da ya yi sai ya gifta ta gaban koyil, giftawar ce ke haifar da wutar da ke tafiya fulogi.

Sai ya ciro wata 'yar na'urar gwada tartsatsin fulogi da ba ta fi tsawon yatsa biyu ba, mai 'yar taga a tsakiya. Ya cire wayar fulogi ya soka a baki ɗaya, ɗaya bakin ya maƙala a ƙarfen jikin inji. Na murɗa, muka zuba wa tagar ido. Ko ƙyas babu. Ya kwance murfin saman inji, ya nuna mini wata siririyar baƙar waya da ke manne a gindin koyil, ya zare ta. Ya ce wannan ita ce wayar kashe inji: aikinta ɗaya tak, idan ka mayar da makulli baya ta haɗa koyil da ƙarfen jikin tarakta, wuta ta ɗauke. Da a ce tartsatsi ya dawo bayan an zare ta, to koyil ba shi da laifi, sai a bi wayar a ga ko ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ɓera ya ci ta, ko ɗaya daga maɓallan tsaro ya lalace. Muka sake gwadawa, shiru. Koyil ya mutu da gaske.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na ce kuɗin da na biya shi halal ɗinsa ne. Bai ce a je a sayo koyil ba. Ya ɗauko mitar auna wuta, ya ɗora tsinke ɗaya a kan wayar da ya zare, ɗaya a jikin inji, ya ce in murɗa makulli mataki ɗaya. Mita ta nuna bolt 12. Ya juyo da fuskarta in gani da idona. "Malam, ga wanda ke cinye muku koyil. Wayar nan ba a so ta ɗanɗani wutar batir ko sau ɗaya. Ko goma kuka sa, haka za su bi juna."

Allah ya taimaka ban yar da tsohon gidan makullin ba, yana cikin durowar ofis. Baba ya jera su biyu a tafin hannunsa ya juyo bayansu. Tsohon yana da haruffa a gindin ƙafafunsa: B na batir, S na sitata, L na fitila, G na jikin ƙarfe, sai M na koyil. Sabon ba shi da M sam, I ce a wurin. An yi shi ne don injin da koyil ɗinsa ke shan wuta daga batir, irin na tsofaffin motoci. A ido kamar tagwaye, a ciki aikinsu kishiyar juna ne: ɗaya yana kai wayar jikin ƙarfe idan an kashe, ɗayan yana tura mata wuta idan an kunna.

Kafin a sayo kaya ya goge wata 'yar farantin lamba da ke jikin inji ya karanta. Ya ce lambobi biyun farko na layin ƙarshe shekarar ƙira ce. Namu 97 ne, wato 1997. Amfanin sanin haka, kamfanin ya koma koyil na zamani mai suna Magnetron tun 1982. Injunan da suka girmi wannan shekara suna da kwantak da kwandansa a ƙarƙashin faifan, su ma sai an duba su. Namu ba ya ciki.

Sa sabon koyil bai ɗauke shi minti goma ba. Ya karɓi katin adireshi daga aljihuna, ya juyo maganaɗisu ya fuskanci koyil, ya sa katin a tsakani, ya saki kusoshi biyu, maganaɗisu ya jawo koyil ya danne katin, ya ɗaure, ya juya faifan da hannu katin ya zame. Tazarar da ake so a irin namu inci 0.010 zuwa 0.014 ce, kaurin katin kenan. Bakin fulogi kuma ya daidaita shi a inci 0.030. Tartsatsi ya fito a taga shuɗi, yana ƙara tas-tas. Murɗawa ta biyu inji ya kama.

Akwai abin da ya yi wanda ban sa shi ba. A ƙarƙashin kujera akwai maɓallin da ke kashe inji idan direba ya tashi alhali wuƙaƙe na juyawa. Baba ya tarar an cire shi an naɗe wayoyin da salatif, wai don a rage wuraren zargi. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce a makarantar yara ba zai bar tarakta haka ba ko da ba za a biya shi ba. Ya mayar, ya sa na kunna wuƙaƙe na ɗan ɗaga daga kujera, inji ya mutu nan take. Na daɗe ina tunanin yadda yara ke rugowa kallo duk ranar da ake yanka.

Inda na ga gazawarsa shi ne lokaci. Ya ce Talata, sai Alhamis ya zo, kuma samunsa a waya sai an sha wuya. Gidan makullin da ya dace mun zagaya shagunan kayan gyara na Dilimi a Jos ba mu samu ba, sai daga Legas aka aiko, aikin ya ci kwana tara. A tsakani sai da muka ɗauki leburori uku da adda. Kuɗin aikinsa ya fi na bakaniken farko, amma bai kai kuɗin koyil ɗin da muka yi asara ba.

Na sayi irin 'yar na'urarsa na ajiye a makaranta. Ya ce in guji mai ƙwan fitila a ciki, don takan haska ko da wutar ba ta da ƙarfi. Mai tazarar da tartsatsi ke tsallakawa ta fi faɗin gaskiya. A rana tsaka ba a ganin tagar sosai, sai an ja tarakta inuwa, kuma a tabbatar babu fetur a zube kusa. Sannan ba ta nuna ko wutar na zuwa a kan lokacinta. Idan akwai tartsatsi amma inji na harbi ta salansa, ɗan guntun alminiyon da ke riƙe faifan a mazauninsa ake dubawa, wataƙila ya yanke.

Daga ranar zuwa yau mun yanke filin sau biyar. Da sanyin safiyar Jos sai an ja cok kafin ya kama, bayan haka ba ya gardama. Bel ɗin wuƙaƙe ya fara tsagewa, na riga na aika wa Baba saƙo ya zo ya auna shi kafin a koma hutu.