Morakniv Companion: wuƙar da nake shiga daji da ita

Mai shirin tafiyar ƙafa a daji ko hawan dutse, idonsa kan fara sauka a kan ƙatuwar wuƙa mai kauri da haƙora a gadon bayanta. Ni dai wadda nake ratayawa a ƙugu Morakniv Companion ce, ƙirar garin Mora na ƙasar Suwidin. Tsawon ruwanta santimita 10 ne da 'yan kai, kuma har da kubenta ba ta kai giram 150 ba. Duk wanda ya taɓa wuni da jaka a baya ya san darajar wannan rashin nauyi.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne yadda aka fitar da bakinta. Gangara ɗaya ce mai faɗi wadda ta sauka kai tsaye zuwa kaifi. In ta dakushe, sai ka kwantar da gangarar a kan dutsen washi, ita da kanta za ta riƙe maka kusurwar da ta dace, ko da hannunka bai saba ba. Wannan bakin ne kuma ke sa ta cin itace yadda ake so. Da ita nake fiƙe turakun tanti, in yanke igiya, in fere busasshen reshe siriri-siriri har ya kama wuta ko da raɓa ta jiƙa bayansa. Mariƙinta na roba ba ya santsi, ko tafin hannu ya yi sharkaf da gumi.

Iri biyu ake yin ta. Akwai ta baƙin ƙarfe mai saurin ɗaukar kaifi, amma in ka mayar da ita kube a jiƙe, tsatsa za ta kama ta. Na zaɓi ta ƙarfen Sandvik 12C27 mai jure tsatsa, domin ruwan sama ba ya shawara da matafiyi.

Tana da iyakarta. Ƙarfenta bai ratsa mariƙin har ƙarshe ba, don haka ba a yi ta domin a riƙa dukan bayanta ana faskara manyan guma-gumai ba. Mai son irin wannan aiki ya duba wuƙar Garberg, wadda kamfanin Morakniv ɗin ya fitar a 2016, ƙarfenta ya tafi har gindi. Ni kam na gwammace in haɗa Companion ɗin da zarto mai naɗewa, Bahco Laplander. Reshe mai kaurin damtse, zarton zai raba shi cikin natsuwa, babu sara balle tsoron wuƙa ta kuɓuce ta sami gwiwa a inda asibiti ke da nisa.

Idan wuƙa mai naɗewa ka fi so, ka tabbata tana da makulli, irin zoben da kamfanin Opinel ya ƙara wa wuƙaƙensa a 1955. Sannan ka binciki dokar ƙasar da za ka, domin wasu ƙasashen sun taƙaita irin wuƙar da mutum zai iya yawo da ita, kuma a jirgin sama cikin babbar jaka take tafiya, ba a ta hannu ba.