Firamaren unguwarmu: koyarwa ta yi, wurin zama ne matsala

Na cire Ummi daga makarantar kuɗi na sa ta a firamaren gwamnati ta unguwarmu, nan Tudun Wadan Zariya. Malamarsu ta aji uku tana cikin waɗanda aka ɗauka bayan jarrabawar 2017, wadda malamai sama da 21,000 suka faɗi a jihar Kaduna, kuma wallahi ta san aikinta. Kowane littafi sai ta bi shi da jan biro, ko wasali ɗaya ba ya wuce ta. Yanzu Ummi har allon shaguna take karanto mini daga cikin Keke Napep.

Sai dai yara huɗu ne a benci ɗaya, sauran a tabarma, ga kwano na yoyo da damina. Banɗaki kuwa, a bar kaza cikin gashinta. Mai kai ɗansa ya haɗa shi da gorar ruwa, famfon ya daɗe da lalacewa.