Ofishin sasanci kan riƙon yara: abin da na gani a zama 5

Wata 11 muka kwashe muna jeka-ka-dawo a kotu ni da uwar 'ya'yana kan riƙon yaranmu biyu, kuma a tsawon wannan lokaci kalmar da muka fi ji daga bakin alƙali ita ce an ɗage zama. Da ya ga magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai ya tura mu ofishin sasanci na iyali, inda ƙwararren mai shiga tsakani yake zaunar da iyayen da suka rabu domin su tsara kula da 'ya'yansu da kansu. Ban je da son raina ba, saboda a zatona wata hanyar ɓata lokaci ce aka sake mata suna.

An fara ganin kowannenmu shi kaɗai, aka tambaye mu ko an taɓa samun duka ko barazana, da kuma ko ɗayanmu yana tsoron haɗa ɗaki da ɗan'uwansa. Wannan mataki ya dace, domin mai jin tsoro zai amince da duk abin da aka ce don kawai ya samu ya fita. Ko a Ingila, inda tun shekarar 2014 doka ta wajabta halartar zaman bayani kan sasanci kafin a shigar da irin wannan ƙara, an ɗauke wa waɗanda aka ci zarafinsu a gidan aure wannan sharaɗi.

A zama na biyu na zo da fayil cike da saƙonnin waya da na buga a takarda, kowanne na ja masa layi da jan biro, da niyyar nuna wanda ya fara saɓa alkawari. Mai shiga tsakanin, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta dubi fayil ɗin, ta ce: "Malam, wannan aikin alƙali ne. Ni tambayata ita ce, ranar Laraba idan an tashi daga makaranta, wa zai ɗauko su?" Na buɗe baki na rasa amsa, domin duk watannin da na yi ina neman a ce ni ke da gaskiya ban taɓa tunanin ranar Laraba ba. Daga nan ta zana kwanakin mako a kan allo, muka riƙa cike gurbi ɗaya bayan ɗaya: inda za su kwana, lokacin da wanda ba sa wurinsa zai kira su, yadda za a raba dogon hutu, wanda zai ajiye takardun haihuwa, har da abin shaƙar asma na ƙaramin, wanda muka amince a sayi biyu, kowane gida da nasa. Da ta lura muna hasala duk lokacin da muka haɗu wajen miƙa yaran, sai ta kawo shawarar ɗaya ya kai su makaranta da safe, ɗayan ya ɗauko su da yamma, ta yadda ba sai mun ga juna ba. A nan ne ƙarfin wannan ofishi yake. Lauyoyinmu, waɗanda ba na raina ƙoƙarinsu, ba su taɓa sauka zuwa waɗannan ƙananan abubuwa ba, alhali su ne rayuwar yaro.

Amma akwai inda ma'aikatan ofishin suka gaza. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi a sashe na 12 cewa a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, amma sai a zama na huɗu aka gana da babbar 'yarmu mai shekara 10, shi ma bayan mahaifiyarta ta nema. Ba a ce ta zaɓi tsakanin uwa da uba ba, kuma na yaba da hakan. Abin da ta yarda a isar mana shi ne a daina mayar da ita 'yar aike, kuma Baba ya daina tambayarta wa ya zo gidan Mama. Da mun ji wannan tun farko, da rabin gardamarmu ba ta taso ba.

Batun kuɗin ciyarwa kuwa an wuce shi da sauri fiye da kima. Mai shiga tsakani ba shi da ikon tilasta wa kowa ya bayyana ainihin abin da yake samu, saboda haka lissafin ya dogara ne kacokan kan gaskiyar mutum, kuma wanda yake zargin ana ɓoye masa dukiya zai fi samun biyan buƙata a gaban alƙali. Haka nan ba a fayyace mana ba sai a zaman ƙarshe cewa takardar da muka sa wa hannu ba ta da ƙarfin doka har sai kotu ta amince da ita ta mayar da ita umarni. Ya kamata a faɗi wannan tun ranar farko, tare da jaddada cewa ofishin ba ya ba da shawarar shari'a, don haka kowa ya nuna wa lauyansa takardar kafin ya sa hannu.

Ina ba iyayen da za su iya zama ɗaki ɗaya na sa'a biyu ba tare da fargaba ba shawarar su gwada wannan hanya kafin su zurfafa a shari'a. Tamu yarjejeniyar ta shiga wata na bakwai, an saɓa sharaɗin kiran waya sau biyu, ɗaya daga ciki laifina ne, kuma an ba mu ranar komawa domin gyara jadawalin kafin ƙaramin ya shiga firamare.