FamilySearch: wata uku ina bin sawun kakannin maiɗakina a takardun ƙidayar Amurka

Ranar da ɗiyarmu ta dawo daga makaranta da aikin zana salsalar gidansu, ɓangarena bai ba mu wahala ba, domin sunayen kakannina har hawa biyar na haddace su tun ina yaro daga bakin kakata. Ɓangaren mahaifiyarta, wadda baƙar fatar Amurka ce, a kan kakanta ya tsaya, kuma babu wani dattijo da ya rage a danginsu da za a tambaya. Wannan ne ya kai ni shafin FamilySearch, na kuma shafe wata uku ina aiki da shi kusan kowane dare.

Shafin mallakar cocin Mormon ne da ke birnin Salt Lake a jihar Yuta, kuma tushensa wata ƙungiyar binciken nasaba ce da aka kafa a 1894. Ba a biyan ko sisi. Rajista kawai mutum zai yi ya fara bincike. Ya kamata mai karatu ya san cewa cocin na tara waɗannan bayanai ne saboda aƙidarsa ta yi wa magabatan da suka rasu wasu ibadu, don kowa ya shiga da saninsa.

Amurka na ƙidayar jama'arta duk bayan shekara goma tun 1790, kuma doka ta hana fitar da takardun da ke ɗauke da sunaye sai sun cika shekara 72, shi ya sa na 1950 ne na baya-bayan nan, waɗanda aka buɗe ranar 1 ga Afrilu, 2022. Daga nan na fara, na sami marigayi surukina yana jariri a gidan mahaifinsa a Shikago. Ƙidayar 1940 ce ta buɗe mini hanya, saboda a wannan shekarar an tambayi kowa inda yake zaune a 1935, amsar da aka rubuta kuwa ta nuna wata gunduma a karkarar jihar Jojiya. Da sunan gundumar a hannuna, sai na riƙa komawa baya daki-daki har zuwa 1900.

Abin da ya fi burge ni da shafin shi ne yadda yake ajiye hoton ainihin takardar da ma'aikacin ƙidaya ya cika da hannunsa kusa da sunayen da aka kwafo aka buga. Shawarata ga duk mai bincike ita ce kada ya tsaya a kan sunan da aka buga. Ma'aikatan wancan zamani suna rubuta abin da kunnensu ya ji ne, sau da yawa daga bakin duk wanda suka tarar a gida, don haka sunan dangi ɗaya na same shi da rubutu iri uku, shekarun mutum ɗaya kuma suna hawa suna sauka tsakanin ƙidaya da ƙidaya. Hoton ne ke nuna maƙwabta, da sana'a, da ko gidan na haya ne, kuma da maƙwabtan na tabbatar cewa gida ɗaya nake bi. A takardar 1900 akwai gurbin da ake tambayar uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ne ke raye. A gaban sunan kakar kakan maiɗakina an rubuta tara da biyar, ita kuwa maiɗakin tawa ta daɗe tana kallon waɗannan lambobi biyu ba ta ce komai ba.

Akwai giɓi tsakanin 1900 da 1880, domin gobarar da ta tashi a ginin ma'aikatar kasuwanci a Washinton a watan Janairun 1921 ta lalata mafi yawan takardun 1890. Na tsallake shi da taimakon ƙidayar 1880, wadda ita ce ta fara bayyana dangantakar kowa da maigida.

A 1870 tafiyar ta yi nauyi. Ita ce ƙidaya ta farko bayan haramta bauta a 1865, wadda aka rubuta 'yantattun bayi da sunayensu, kuma a cikinta na ga magabacin maiɗakina da muke bin sawunsa yana yaro ɗan kimanin shekara goma, a gidan wasu manya biyu masu aikin gona. A 1850 da 1860 kuwa, an ware wa bayi takarda ta daban, inda sunan ubangidansu kaɗai ake rubutawa, su kuma a lissafa su da shekaru da jinsi da launin fata. Na buɗe ta gundumar a 1860, na ga layi bayan layi na jarirai maza marasa suna, kuma babu wata hujja da za ta ba ni damar nuna ɗaya in ce shi ne. Shafin bai ɓoye mini wannan takarda ba, ya nuna ta yadda take, na kuwa yaba masa a kan haka.

Wurin da nake jan hankalin masu amfani da shi shi ne bishiyar nasaba da ke cikinsa. Guda ɗaya ce ta kowa da kowa, duk mai rajista na iya gyara bayanan mamatan da ke cikinta, saboda haka kada a karɓi wata alaƙa sai an ga takardar da aka jingina ta da ita, kuma a riƙa ajiye kwafin abin da aka gano a kwamfutar gida.

Ga wanda ke da dangi ko surukai a Amurka, ina ba da shawarar fara bincike da wannan shafi kafin a kashe kuɗi a waɗanda ake biya. Ɗiyarmu ta miƙa aikinta da hawa biyar a kowane ɓangare. Ni kuma yanzu na koma kan takardun hukumar kula da 'yantattun bayi da ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, waɗanda su ma suna cikin shafin, ina duba yarjejeniyoyin ƙwadago na wannan gunduma ko zan ci karo da sunayen manyan nan biyu.